Yadda Ake Zana Kayan Hannu na Gargajiya Don Adana Kamanninsu

A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, gwamnatin Shugaba Roosevelt ta ɗauki masu zane da suka rasa abin yi ta ba su wani aiki na daban. Aka tura su gidajen tarihi da gidajen mutane su zana kayan hannu na mutanen da: barguna masu faci-faci, kujerun katako, tukwane, dokin wasan yara, gumakan da ake kafawa a goshin jiragen ruwa. Mata biyu ne suka kawo shawarar, Ruth Reeves mai tsara zanen yadi, da Romana Javitz mai kula da sashen hotuna a babban ɗakin karatu na birnin New York. An sa wa shirin suna Index of American Design, ya gudana daga 1935 zuwa 1942, kuma ya bar zane sama da 18,000, galibinsu da fentin ruwa. Suna ajiye a gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Washinton.

Abin da ya sa na fara da wannan labari shi ne ƙa'idar da aka gindaya wa masu zanen. Ba a nemi gwanintar kowa ta ƙirƙira ba. An ce kowa ya zana abin da ke gabansa yadda yake, da tsagarsa da tsatsarsa da inda fenti ya kankare, har mai kallo ya ji kamar ya kai hannu ya taɓa. Salon ya samo asali ne daga masu kwafar zanen kaburburan tsohuwar Masar, irin su Joseph Lindon Smith, kuma Suzanne Chapman ta gidan tarihi na Boston tana cikin waɗanda suka koyar da shi. Kowane zane yana tafe da takardar bayani: mene ne abin, da me aka yi shi, girmansa, a hannun wa yake.

Mu ma an yi mana makamancin wannan ta fuskar gini. Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Poland, ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya yana zana su, aka buga aikin cikin littattafai 3 a 1990, na farkon a kan Arewa. Amma ƙwarya da faifai da akushi da aljihun babbar riga, waɗannan suna nan a ɗakunan tsofaffi suna jiran wanda zai zauna da fensir. Ga yadda ake yi, kamar yadda na koya da gumi.

Me zai hana a ɗauki hoto a huta?

A ɗauka mana, ni ma ina ɗauka. Sai dai kyamarar waya tana kumbura abin da ke kusa da ita, tana sauya launi gwargwadon hasken wurin, kuma idan abu yana da sheƙi kamar turkuɗi sai ta mayar da shi farin tabo. Ba ta kuma nuna kaurin bakin tukunya ko yadda zare ya bi ta bayan yadi. Babban amfanin zane kuwa yana ga mai zanen kansa: wanda ya zauna awa uku yana bin layin wuƙa a jikin ƙwarya dole ya gano daga inda mai sassaƙar ta fara, da inda lissafi ya ƙwace mata ta matse zanen ƙarshe don ya shiga. Hoto na daƙiƙa ɗaya ba ya tilasta wa kowa wannan kallo. Ka riƙe hoton a matsayin mataimaki, ka koma gare shi idan an mayar da kayan ɗaki.

Mataki na 1: Neman izini da zaɓen abu

Mafi yawan kayan da suka cancanci wannan aiki suna cikin gida ne, a jeren tsohuwa ko ƙasan adaka. Idan kai namiji ne, ka san gidan ba shiga, don haka a zaure za ka zauna a fito maka da su. Nan mata masu zane suka fi mu sa'a nesa ba kusa ba, domin su za su ga ƙwaryar a inda take zama, kusa da 'yan'uwanta.

Ka je da wanda aka sani a gidan. Bayan gaisuwa ka faɗi buƙatarka a fili: "Iya, ba saye na zo ba, ba kuma zan fita da ita ba. Kamanninta nake so in zana a takarda, in na gama in kawo miki ki gani." Wannan magana tana da muhimmanci, domin dillalan kayan tarihi sun riga sun ɓata hanya, mutane da yawa da sun ji an tambayi tsohon abu sai su ɗauka za a raba su da shi. In aka ce a'a, ka yi godiya ka tashi. In abin laya ne ko wani abu da aka ɗinke, ka zana bayansa kawai, kada ka nemi a buɗe.

A karon farko kada ka ɗauki babbar riga. Fara da ludayi, ko ƙaramin faifai, ko ƙoƙo, abin da za ka iya gamawa a zama biyu.

Mataki na 2: Kayan aiki

Ba su da yawa. Fensir mai tauri, 2H, don layin farko, da HB don ƙarfafawa. Magogi mai laushi. Rula ta santimita 30, tef ɗin tela, zare mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa, da abin zana da'ira na akwatin lissafin 'yan makaranta. Takarda mai shara-shara da ake kwafa da ita. Takardar fentin ruwa mai kauri, wadda aka rubuta giram 300 a jikinta, don marar kauri tana lanƙwashewa da ta sha ruwa. Burushi uku sun isa: babba, matsakaici, da siriri mai tsinin gaske. Fentin ruwa ƙaramin akwati.

Wani abin sha'awa, abin da ke riƙe launi a fentin ruwa ƙaro ne, irin wanda ake samu a jikin dakwara a Borno da Yobe da Jigawa da Chadi da Sudan, wanda almajiri ke jefawa a tawadarsa. Ana fitar da shi waje a buhu, ya dawo mana a akwati da tsada.

Mataki na 3: Takardar bayani, tun kafin a ja layi

Wannan ne matakin da masu zane suka fi rainawa, ni kuwa a wurina rabin aikin ke nan. Ka ba abin lamba, misali harafin garin da shekara da lambar jeri, ka rubuta ta a takardar bayani da kuma bayan takardar zanen. Sannan ka tambaya, ka rubuta amsa da kalmomin mai amsawar. Me ake kiran abin a nan? Wa ya yi shi, a wane gari? Saye aka yi ko gado? Me ake yi da shi, kuma har yanzu ana yi?

Tsofaffi ba sa ba da shekara da lamba, za su ce maka "shekarar da aka yi aurena" ko "zamanin sarki wane" ko "kafin a canja kuɗi". Rubuta haka ɗin. Daga baya kana iya ƙara naka lissafin a gefe, misali an koma naira da kwabo a 1973, amma ka bambanta abin da aka faɗa maka da abin da kai ka ƙiyasta. Wanda zai karanta bayan shekara 50 yana buƙatar sanin wanne ne wanne.

Sai sunayen zanen. A babbar riga akwai aska biyu da aska takwas, akwai tambari, akwai gidan biyar. Kada ka ɗauka sunan da ka sani a Kano shi ne na Zariya ko Bida ko Damagaram. Nuna da yatsa ka ce, "Baba, wannan fa me kuke ce masa?" Idan mutum biyu suka saɓa, rubuta duka biyun da wanda ya faɗi kowanne. Game da sunan mai kayan kuwa, ka tambaya ko ya yarda a rubuta. In bai yarda ba, unguwa da gari sun wadatar.

Mataki na 4: Awo

Bari mu ɗauki ƙwarya, don ita ta fi koyar da mutum. Zagaya bakinta da tef. A ce ka sami santimita 94; raba da 3.14, faɗin bakin ya kama kusan 30. Amma kada ka tsaya nan, domin duma ba injin ya yi shi ba, babu ƙwaryar da bakinta ya zama cikakkiyar da'ira. Ɗora rula a baki ta fuska biyu ko uku, ka rubuta mafi faɗi da mafi ƙanƙanta. Zurfi kuma, gitta rula a baki ka saukar da tsinke zuwa tsakiya. Kaurin baki ka auna shi a wurare da yawa.

Hanya mafi sauƙi ta samun ainihin siffar bakin ita ce ka kife ƙwaryar a kan babbar takarda ka zagaya ta da fensir a tsaye cak. In ka karkata fensirin, ka ƙara mata ko ka rage.

Yanzu zaɓi ma'auni. Takardar A3 faɗinta santimita 29.7 ne, tsawonta 42, don haka ƙwaryar santimita 30 ba za ta shiga da girmanta ba. Sai ka raba kowane awo biyu, ta dawo 15, ka rubuta 1:2 a ƙasa. Bayan rubutun, ka zana ɗan layin awo mai nuna santimita 5 ko 10 a gefe. Dalili shi ne idan aka ƙara girman zanen ko aka rage a kwamfuta, rubutun 1:2 ya zama ƙarya, amma layin awon yana girma yana raguwa tare da zanen.

Mataki na 5: Fuskoki nawa?

Fuska ɗaya ba ta isa shaida. Ƙwarya tana son uku: a kife ana kallonta daga sama, don a ga yadda aka raba zanen, daga gefe, don a ga tudunta, sai kuma wani yanki na zanen da girmansa na ainihi. Masu binciken kayan tarihi suna da dabara mai kyau ga tukunya: a ja layi a tsaye a tsakiya, ɓangare ɗaya ya nuna bayan tukunyar da adonta, ɗayan ya nuna ta kamar an tsaga ta, a ga kaurin jiki da siffar ciki. Ka ara, tana aiki ga akushi da turmi ma.

Wahalar ƙwarya ita ce zanenta yana kan tudu, takarda kuwa shimfiɗe take. Abin da ke gefe yakan matse a ido. Maganinsa, ka yanka takarda mai shara-shara ƙanana-ƙanana kamar ɓawon lemo, ka ɗora kowace a jiki ka riƙe da yatsa, ka bi layin da fensir mai laushi ba tare da dannawa ba. In zanen sassaƙa ne mai zurfi, shafa gefen fensir a kan takardar, zanen zai fito da kansa. Kada ka manna salatif a jikin kayan mutane, yana ɗauke launi, yana barin danƙo. Kada kuma ka wanke ko ka goge abin don ya yi kyau. Baƙin hayaƙi da maiƙon hannu suna cikin abin da ka zo rubutawa.

Mataki na 6: Layin fensir, da jarabar gyara

Ka zauna inda haske ke zuwa ta gefe ɗaya, an fi so daga hagu ta sama, ka kuma riƙe wannan a duk zanenka don su yi magana da murya ɗaya. Inuwar zaure kusa da ƙofa ta fi tsakar rana. Fara da manyan layuka: da'irar waje, layukan da suka raba zanen gida-gida. Ƙirga gidajen. In bakwai ne, bakwai za ka zana, ko da idonka yana son takwas.

A nan na taɓa jin kunya. Ƙwaryar farko da na zana ta wata dattijuwa ce a unguwarmu, tana da tsaga daga baki wadda gyartai ya ɗinke. Na ga ɗinkin ya ɓata tsarin, sai na tsallake shi, na kuma daidaita wani gida da ya karkace. Da na kai mata, ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo mini ta ce, "Ɗan nan, ta yi kyau, amma ta wace ce?" Ashe tsagar nan ita ce abin da take tunawa da shi, ranar da ƙwaryar ta faɗi da wanda ya yar da ita. Na koma na sake daga farko, na ƙirga ɗinkin gyartai ɗaya bayan ɗaya.

Hannun wanda ya iya zane yana da son gyara, kuma sai ka yi ta kama shi. Dabarar da nake yi ita ce in auna daga abin zuwa takarda, ba daga wani sashen zanena zuwa wani ba. Kowane minti goma in ɗaga kai in sake gwada wuri ɗaya da rula.

Mataki na 7: Launi

Kafin ka taɓa zanen, yi gwaji a guntun takarda iri ɗaya. Shafa launin, bari ya bushe, sannan ka kai shi kusa da abin ka gwada, domin fentin ruwa yana yin haske idan ya bushe. Guntayen da suka dace ka adana su tare da takardar bayani.

Ana tafiya ne daga mai haske zuwa mai duhu. Shafin farko ruwa-ruwa, launin jikin abin gaba ɗaya. Ga ƙwarya, ruwan ɗorawa da aka karya da ɗan ruwan ƙasa. Bari ya bushe sarai. Shafi na biyu ya kawo inuwar da ke nuna tudu. Na uku ya kawo tabo da dattin hannu. Layukan ƙuna ko na wuƙa su ne na ƙarshe, da siririn burushi. Inda haske ya faɗo, farar takardar za ka bari tun farko, don fentin ruwa ba ya komawa baya. Baƙin akushi kuma kada ka ɗebo baƙi tsantsa daga akwati, yana kashe zane. Haɗa shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa, ka yi ta ɗorawa.

Yanayi yana da nasa hukunci. Da hunturu fenti yana bushewa kafin ka kai ƙarshen layi, sai ya bar gaɓa, don haka ka haɗa mai yawa ka yi sauri, ka kuma rufe aikin saboda ƙura. Da damina sai ka yi ta jira, kuma wanda ya ɗora shafi a kan ɗanye ya sami taɓo.

Yadi da fata, inda aikin ya fi cin rai

Ga ɗinkin hannu, ka shimfiɗa rigar a tabarma mai tsabta ka yi zane biyu. Na farko rigar duka a ƙaramin ma'auni, kamar 1:10, da ke nuna inda aljihu yake, inda askar ta sauka, da tambarin gaba da na baya. Na biyu yanki ɗaya, kamar santimita 10 a kan 10, da girmansa ko ma ninki biyu. A wannan yankin za ka nuna hanyar zare. Ɗora rula ka ƙirga ɗinki nawa ne a santimita ɗaya, ka rubuta. Juya rigar ka zana bayan wurin, domin a baya ake gane hannun gwani, a baya kuma ake raba ɗinkin hannu da na keke. In saƙi ce, auna faɗin kowace ƙwarya ta saƙar, wato kowane siririn ƙyalle, ka ƙirga nawa aka haɗa. Ka tambaya ko zaren tsamiya ne ko auduga ko alharini, kada ka yanke hukunci da ido.

Burushinka ya bi inda allura ta bi. In zaren ya kwanta a karkace, kowane ɗan layin fenti ya kwanta haka. Aiki ne mai cin lokaci, yankin da bai fi tafin hannu ba yana iya cinye yini biyu, kuma babu gajeriyar hanya.

Turkuɗi da kore, wato yadin da aka rina da shuni har ya yi baƙi, waɗanda suka sha bugu, irin na Kura, suna da wani sheƙi mai ɗaukar ja-ja a kan shuɗin. Sai ka sa shuɗi mai duhu shafi-shafi, sannan ka ɗora ɗan ja mai ruwa-ruwa a inda yadin ya lanƙwasa. Ka kula, shunin yana zuba a hannu, daga hannu kuma sai takarda. Jar fatar dukawa, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, takan yi duhu a inda hannu ke yawan kamawa. Wannan bambancin shi ke nuna yadda ake riƙe jakar, don haka kada ka shafe ta da ja ɗaya.

Idan bango ne

Adon bango irin na Zariya da Kano da unguwar Birni a Damagaram ba ya zuwa zaure, kai za ka je. Ja zare a miƙe a ƙasan bangon, ka daidaita shi da tiyon ruwa irin na magina, don ƙasa ba ta taɓa zama daidai. Daga wannan zaren kake auna komai, sama da gefe. Ma'aunin 1:20 ya dace: bango mai mita 4 zai zama santimita 20. Je da sassafe ko da la'asar, lokacin da rana ke dukan bangon ta gefe, tudun dagi da sauran zanen su fito da inuwarsu. Auna tudun, ka rubuta ko shafen makuba ne ko siminti, ka nuna inda ya zube. Ka nemi maginin in yana raye, in ba ya raye ka nemi gidan Sarkin Magina, galibi akwai mai tunawa.

Mataki na 8: Rufewa da ajiya

A ƙasan zanen, da fensir, rubuta lambar abin, sunansa, gari, ranar da ka gama, ma'auni, da sunanka ƙarami. Kai zanen gaban abin karo na ƙarshe ka gwada su wuri-wuri, sannan ka nuna wa mai kayan da wani mai sana'ar. Su ne za su ga kuskuren da kai ba za ka gani ba.

Ajiye zanen a kwance, da farar takarda tsakanin kowane biyu, cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa saboda gara da laima. Kada ka naɗe, kada ka kai a manne shi da leda mai zafi irin ta katin shaida, wannan ba ya ɓaruwa. Kada ka rataye na ainihin a inda rana ke bugawa, launin zai koɗe. Sa a ɗauki hotonsa da na'urar kwafi mai kyau tare da takardar bayaninsa, ka ajiye a wuri biyu daban, ka sa lambar abin ta zama sunan fayil ɗin.

Idan sun taru, ko ashirin ne, ka tuntuɓi gidan tarihi mafi kusa da kai, kamar Gidan Makama a Kano, ko sashen koyar da zane na wata jami'a, ka ji ko za su karɓi kwafi. Kwafi ɗaya kuma na mai kayan ne. Ka buga shi a takarda mai kyau, ka kai da kanka tare da ɗan goro, ka rubuta a takardar bayani ranar da ka kai da abin da aka ce da aka gani.